Idon Bakanike a Kan Mota Mai Naɗe Rufi

A watan Disamba, hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Sabon Tasha da Mararrabar Rido ta ratsa Kujama takan cika da motocin masu komawa gida. Wasu Kachia suka nufa, wasu Zonkwa, wasu Kafanchan, wasu kuma so suke ranar 1 ga Janairu ta riske su a Kagoro don bikin Afan. Yawancinsu motocin da ido ya saba da su ne, Golf da Sienna da Corolla da Hilux. Amma jifa-jifa sai wata 'yar gajeriya mai ƙofa biyu ta gifta, rufinta a naɗe a baya, yara na bin ta da sowa. A da, buɗaɗɗiyar mota ta gwamna ce ranar fareti a Dandalin Murtala. Yanzu matashin da ke aiki a Abuja ko Legas kan yi ta tari har ya mallaki tasa, ya shigo da ita gida, a ɗauko amarya da ita daga coci ko a zaga gari ranar Sallah.

Ina son motocin nan, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ta kwanta a kansu ba. Sai dai duk sanda na ga ɗaya tana tafiya lafiya a kan wannan hanya, tunanina kan tafi ga mutumin da ba ya cikinta, wato bakaniken da ya raka mai ita wurin saye, ya kwanta ƙarƙashinta, ya ce a biya. Aikinsa ya cancanci a zauna a yi bayaninsa, domin duba irin wannan mota fanni ne daban, kuma ba kowane mai riƙe da sifana ya iya shi ba.

Da wuya ka ga wadda aka saya sabuwa. Ko dai 'yar Kwatano ce, ko ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ko kuwa ta hannu ce da ta ratsa mutum uku ko huɗu. Waɗanda aljihun mai sayen fari ke iya kaiwa gare su sanannu ne: Mercedes SLK, wadda ta fara fitowa a 1996 da rufin ƙarfe mai naɗewa cikin but, Peugeot 206 CC ta 2000 da 307 CC ta 2003, BMW Z3 da Z4, Toyota Solara da aka daina ƙerawa a 2008, sai Mazda MX-5, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989, kuma zuwa 2016 an ƙera fiye da miliyan ɗaya. Ke nan abin da za a kawo maka ya kwana biyu a duniya, kuma an ƙera shi ne don titin da babu rami da ƙasar da babu hazon hunturu.

Tun kafin a je kallon mota gwani yake fara aiki. Tambayarsa ta farko ita ce, injin nan a wace mota kuma ake samunsa a garin nan? Solara ta ƙarshe mai buɗewa tana ɗauke da injin silinda shida mai lita 3.3, irin wanda ke cikin Sienna da Highlander da Lexus RX330 na zamaninta, don haka kayansa ba sa wahalar samu. Injin lita 1.6 na 206 CC shi ne a cikin 206 da 307 na yau da kullum, kuma Kaduna garin Fijo ne: a 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kanikawa da yawa a kan 504 da 505 da 406 suka buɗe ido. Wadda kuwa ba ta da 'yar'uwa a kusa, in ƙaramin abu ya lalace sai an aika Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, in ba a dace ba a jira jirgi. Bakaniken kirki yakan faɗa wa mai saye wannan ƙarara, sannan ya bar masa zaɓi.

Ranar dubawa da sassafe yake zuwa, kafin a tayar da injin, kuma abin da yake fara yi shi ne ɗora bayan hannunsa a kan bonet. In da ɗumi, an riga shi, sai ya ce zai dawo gobe. Amma ba injin ne babban abin da ya kawo shi ba. Injin kowane bakanike ya san shi. Inda wannan ya sha bamban shi ne sanin abin da rashin rufi ke yi wa jikin mota.

Ɗauki kwalin sabulu a rufe ka gwada murɗa shi, zai ƙi. Yanke murfinsa ka sake gwadawa, sai ya lanƙwashe a hannunka. Haka mota take. Rufin ƙarfe da ginshiƙansa su ne ke hana bodi murɗewa in taya ɗaya ta faɗa rami. Da aka cire shi, sai masu ƙira suka mayar da ƙarfin ƙasa: suka ƙara kaurin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, suka ƙarfafa daɓen motar da ginshiƙan gilashin gaba. Shi ya sa mai buɗewa takan fi 'yar'uwarta mai rufi nauyi. Shi ya sa kuma tsatsar da za a iya haƙuri da ita a wata mota, a nan magana ce ta rai, domin duk ƙarfin ya taru ne a wurin da ruwa ke kwanciya, dutse ke duka.

To sai ka ga gwanin ya sa a hau da taya ɗaya kan tudu, ko ya ɗaga kusurwa guda da jak, sannan ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa. Yana sauraron yadda makulli ke kamawa, yana zura yatsa a tsakanin ƙofa da bodi daga sama har ƙasa. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne a irin wannan mota, kuma sanin iyakar wannan kaɗan ɗin shi ne abin da shekaru suka ba shi. In ƙofa ta cije, ko ta sauka sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ya san ƙashin bayan motar ya gaji ko an taɓa miƙe shi bayan haɗari. Daga nan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa da tocila, yana ƙwanƙwasa ƙarfen da gindin sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa a sarari take. Wanda tsatsa ta ci ta ciki, ko aka cike da ƙullun masu fenti, amonsa a dushe yake fita. A arewacin Amurka da Kanada da Turai ana zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ne ke cin motoci ta ƙasa. Don haka sabon baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota ba ya faranta masa rai, tambaya yake jawowa. Yana da maganaɗisu naɗe cikin tsumma da yake bi da shi gefen bodi, inda ya ƙi kamawa akwai ciko, amma ya san wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, wasu kuma fukafukan gabansu roba ne, don haka ba ya yi wa mai mota ƙazafi.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina nan ne idonsa ya fi kaifi. Babu rufi mai naɗewa da ke tare ruwa gaba ɗaya. Masu ƙira sun san zai shiga, sai suka yi masa 'yan magudanai da siraran tiyo da ke bi da shi ta bayan kujeru ko gefen but ya zube ƙasa. Ganye da ƙura kan toshe su, ruwan ya rasa hanya, ya koma cikin waɗancan ƙarafa na ƙarƙashin ƙofa, ko ya kwanta ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke. An san MX-5 da ruɓewar gefe ta wannan hanya, an kuma san Z4 ta farko da nutsewar na'urar da ke ɗaga rufinta, saboda tana zaune a wani lungu da ruwa ke taruwa in magudanar ta toshe. Wanda ya san daminar Kafanchan da Kagoro, inda ruwa ke farawa tun wajen Afrilu ya kai Oktoba, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Bakaniken kan sa yaronsa ya zauna ciki a rufe gilasai, shi kuma ya kwarara bokiti biyu ko uku a kan rufin, sannan ya durƙusa ya ga ko ruwan ya fito ta inda ya kamata. Yaron na ciki yana bin bakin roba da yatsa yana neman ɗigo. Bayan haka a ɗaga kafet a danna soson da ke ƙasa. In motar na tashin turare fiye da kima, sai ya ce a bar ta a rufe cikin rana na ɗan lokaci, domin warin rima ba ya ɓuya in wuri ya yi zafi.

Akwai kuma ruwan da ya fi na sama muni. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Irin waɗannan kamfanonin inshora kan biya masu su, su yi gwanjonsu, a wanke, wasu su ƙetaro teku. Motar da ta sha ambaliya tana iya tashi lafiya yau, bayan wata shida wutarta ta fara hauka. Gwani yakan jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya nemi layin da ruwa ya bari, ya leƙa ramin safayar taya ko da laka, ya duba ƙusoshin da suka riƙe kujeru ko sun yi tsatsa. Kuma bai raina abin zamani ba. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, kuma a motar da aka yi don kasuwar Amurka na goma daga cikinsu shi ne ke nuna shekarar ƙira. Ko da shi kansa bai saba da intanet ba, zai miƙa wa yaronsa mai waya ya bincika, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo sukan fito. Da lambar nan kuma ake zuwa a tantance takardun kwastan, abin da ya zama tilas tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

Duk wannan kafin a taɓa madannin rufi, abin da mai saye ya ƙagu ya gani tun isowarsa. Dillali zai buɗe sau ɗaya ya rufe, ya ce ka gani. Bakanike sai ya ce a sake, a kuma sake, a wuri mai baje, injin na aiki. Famfon da ya gaji yakan yi na farko da kyau, a na uku muryarsa ta canza. Rufin SLK ta farko cikin daƙiƙa 25 ko kusa da haka yake gamawa. In ya ja lokaci, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya, akwai magana. Mai ne ke tura 'yan silindojin da ke ɗaga shi, kuma robobin cikinsu kan bushe da tsufa su fara yoyo, shi ya sa yake shafa rufin ta ciki da bangon but yana neman danshin mai. Akwai kuma 'yan ƙananan makunnai da ke shaida wa na'urar cewa mataki kaza ya kammala kafin ta shiga na gaba. A SLK, in ba a ja labulen da ke raba kaya da wurin rufi a cikin but ba, rufin ba zai motsa ba sam. Rufi da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa makunni ɗaya ne ya yi datti, kuma wanda ya san haka yakan samo wa mai saye mota da araha. Amma in ya tarar wani rewaya ya haɗe wayoyin don a tsallake makunnin, ransa kan ɓaci, domin ranar da rufi ya sauko kafin but ya gama buɗewa, gyaran ya wuce na waya. Mai rufin yadi kuwa, wurin lanƙwasa da ɗinki yake bi, da tagar baya in ta roba ce, wadda rana kan mayar rawaya har ta tsage. Ɗinkin da ya saki, mai ɗinkin kujerun mota zai iya kama shi. Yadin da ya ruɓe sai sabo, shi kuma da dala ake lissafinsa.

Sauran dubawar ta kowace mota ce, kuma da sauri yake yin ta. Ya murɗa makulli ba tare da tayarwa ba ya ga ko fitilar injin da ta jakar iska sun kama, don akwai masu cire ƙwan. Ya jona na'urar bincike, wadda kowace motar kasuwar Amurka ke da mazauninta tun 1996, ya ga ko jiya-jiya aka goge laifuffuka. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa gasket ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Ya leƙa ko an cire indomin salansa. Ya karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, mako da shekara. Abu ɗaya ne ba ya ko tsayawa ciniki a kansa: motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, amma har yau ana kawo motocin Ingila da Japan a juya su. Yana gane su ta yadda waifa ke kwanciya, da yankan dashbod, da walda a sandar sitiyari. Mota mai gudu da aka yi wa walda a wannan wuri ba ta shiga gidan wanda ya ɗauko shi.

Nan ne ake ganin rabin gwanintar da ba ta hannu ba ce. Mai sayen fari ya riga ya kamu, ya ga kansa a ciki ranar biki, ga dillali a gefe yana cewa wani Alhaji zai zo da kuɗi da yamma. Wani lokaci ma a ja bakaniken gefe a yi masa tayin nasa kason in ya yi shiru. Mutumin kirki ba ya karɓa, kuma ba ya kunyata kowa a bainar jama'a. Sai ya share hannu ya ce wa dillali, "Alhaji, mun gani, mun gode, za mu yi shawara." A hanya ne zai juya ga mai sayen: "Ɗana, ba hana ka nake yi ba. Wannan dai ƙasanta ya tafi, in ka saya ni za ka riƙa yi wa sallama kullum. Ka ba ni mako biyu mu nemo wata." In yaron ya ce, "Baba, ai rufin na aiki," sai ya amsa, "Yana aiki, amma a kan me yake zaune?" Abin da ya dace shi ne mai saye ya biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba, kuma ya biya da kyau, domin bakanike da ya ce a bar mota ya hana kansa cinikin gyaran shekara guda.

In an dace an saya, gwajin gaskiya hanya ce ke yinsa. Daga Kujama zuwa Kasuwan Magani kaɗai ya isa a ji ko gilashin gaba na rawa fiye da kima, ko ƙafa na ƙara. Motocin nan cikinsu a ƙasa yake, ga tudun rage gudu a kusan kowane gari har Kachia, sai an koyi hawansa a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Bakanike kan sa maƙeran Panteka su yanko farantin ƙarfe a ɗaura ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, a bar wa iska hanya. Yakan ba da shawarar a sauka daga manyan rim masu siririyar taya zuwa ƙanana masu taya mai tsoka, in birki ya ba da wuri. Ba ya yarda a cire abin da ke daidaita zafin injin a haɗa fanka kai-tsaye kamar yadda aka saba, kuma ba ya zuba ruwan rijiya a lagireto. A famfon rufi man da aka tanada masa kawai yake sawa. Man birki cinye robobin yake yi. Robobin bakin rufi kuwa da man silikon ake shafe su, giris da baƙin mai kumbura su suke yi.

Kowane yanayi da nasa hidimar. Da hunturu ƙura ke shiga gaɓoɓin rufin ta haɗu da maiƙo ta zama mai goge ƙarfe, sai an wanke an sake shafawa. Da bazara inuwa ake nema mata, don rana ce ke kashe yadi da fatar kujera. Kafin ruwan fari a zura siririyar waya mai laushi a buɗe magudanai, kuma ba a naɗe rufin yadi yana jiƙe. Ga fetur: kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000, kuma injin irin wannan ba ya son man 'yan bumburutu. Akwai kuma abin da duk mai bin hanyar Kachia ya sani, cewa ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Mota mai jan ido da rana ake tafiya da ita, kuma a wasu wuraren rufinta a rufe.

Kafin ya miƙa makulli, akwai darasi ɗaya da gwanin ba ya tsallakewa. Yawancin motocin nan suna da hanyar rufe rufi da hannu in famfo ko batir ya ƙi, kuma littafin motar ya yi bayaninta, sai dai littafin da wuya ya iso tare da ita. Sai ya buɗe but ya nuna wa mai motar inda ake sassauta matsin man, ya sa shi ya kama gefe ɗaya, yaron gareji ya kama ɗayan, su ɗago tare a hankali ba tare da wani ya riga wani ba, har rufin ya zauna a kan gilashin gaba a kulle shi. Yakan sa a maimaita har hannun mai motar ya saba, ya ɗaure ɗan makullin da ake aikin da shi a cikin but inda ba zai ɓata ba, domin hadarin dutsen Kagoro ba ya ba da lokacin kiran waya, kuma daga Zonkwa zuwa garejinsa tafiya ce mai nisa.